Fitilu Biyu Daga Ikko

Ƙarfi, ta gidan waya na Malumfashi,
29 ga Yuli, 1965.

Zuwa ga Baba Mati,

Ka gafarce ni da na ɗauki alƙalami na rubuto maka ba tare da wani babba ya sa ni ba. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa. Ni ce Shafa'atu, 'yar taubashinka direba, wadda ka bari tana rarrafe lokacin da ka tafi Ikko. Yanzu ina aji uku a makarantar sakandare ta 'yan mata, na zo hutu. Adireshinka a bayan wani tsohon ambulan na gan shi, cikin adakar Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali duka. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, dawa ta wuce ƙugu. Inna ta yi fama da haƙori amma ya faɗa mata.

Inna ta ce aikinka wayoyin mota da fitilunsu, kuma manyan motocin da ke kwasar kaya daga jirgin ruwa kake gyarawa. Ni jirgin ruwa a littafi kawai na san shi. Shi ya sa nake jin nauyin kawo maka ƙaramar magana daga ƙauye, amma ban san wanda zan kai wa ba.

Baba yana tuƙa lorin Alhaji Shitu. Yana kwasar 'yan kasuwa zuwa Funtuwa da an sallame asuba, da sauran duhu. A wannan lokaci na damina hazo yakan kwanta a kan fadamar da hanya ta ratsa, fari fat. Makon jiya na bi shi. Da muka gangara fadamar sai na ga ya fitar da kansa ta taga yana ƙifta ido. Can sai ƙafar gaba ta zame cikin rami. Babu wanda ya ji ciwo, sai tukwanen Marka da suka farfashe. Marka wata tsohuwar Bamagujiya ce daga wajen Gozaki, shekara goma tana hawan motarsa. Ta sauko, ta dubi tsingaron, ta kira sunan Baba ta ce, "In idon ya ƙare ka faɗa mini in koma wa jakina. Shi ko a duhu ya san gida." Mutane suka yi dariya. Baba bai yi ba.

Tun ranar ya ce dundumi ne ya kama shi, irin wanda ya kama mahaifinsa. Ya ce ba zai kashe bayin Allah ba. Ranar da ya kai ni tashar jirgin ƙasa in koma makaranta, ranar zai mayar wa Alhaji makulli. Shekararsa goma sha tara yana tuƙi, Baba Mati, bai iya wani abu ba. Yanzu ko abinci sai Inna ta yi ta magana.

Ga abin da ya hana ni sukuni: ni idona lafiya lau, har allon bayan aji nake karantawa, amma ni ma ban ga hanyar ba. Hasken fitilun kamar na aci-balbal. Ba zan iya yi wa Baba musu ba. Shin fitila ma tana tsufa?

Ni ce 'yarka,
Shafa'atu.

*

Ikko,
6 ga Agusta, 1965.

Shafa'atu,

Takardarki ta same ni. Muna lafiya.

Amsa mini abu uku. Wace irin lori ce, kuma batirinta nawa? Ki sa a cire gilashin fitila, ki dubi kwanon da ke bayan ƙwan: kina ganin fuskarki a ciki? Wa ke goge kwanon, kuma da me?

Kada ki gaya wa mahaifinki Maiwada kin rubuto.

Mati.

*

Ƙarfi,
13 ga Agusta, 1965.

Zuwa ga Baba Mati,

Gaisuwa da ladabi. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke. Ƙanena Sabo ya yi zazzaɓi kwana biyu, ya tashi.

Na karanta takardarka sau da yawa. Da na ga gajartarta, sai na ce na ɓata maka rai da shisshigi. In haka ne ka yafe mini.

Na kwafo duk rubutun da ke jikin ƙarfen injin da na batir a wata takarda, ga ta haɗe, don kada in yi kuskure.

Kwanon kuwa ban sha wahalar ganinsa ba, don kowace Juma'a da safe Baba da kansa yake kwance shi ya miƙa wa Inna. Tana haɗa shi da tasoshin jerenta ta dirje su duka da toka da lemun tsami, ta ɗauraye, ta shanya a rana. Shekara biyu ke nan tana yi. Na tambaye ta dalili, kamar ba komai, ta ce, "Tasa ma in ba a dirje ta ba dushewa take, balle abin da mai gida ke ganin hanya da shi." Na ɗaga kwanon na duba. Fuskata tana ciki, amma kamar wadda ta leƙa ruwan wanke shinkafa.

Ban gaya wa Baba ba.

'Yarka,
Shafa'atu.

*

Ƙarfi,
27 ga Agusta, 1965.

Zuwa ga Baba Mati,

Gaisuwa. Muna lafiya. Mako biyu ina aika tambaya gidan waya, ana cewa babu. Ba gaggauta ka nake ba, Allah ya sani. Sai dai hutu saura mako uku, kuma jiya na ji Alhaji Shitu yana tambayar wani direba daga Dandume ko yana da lasin. In na yi laifi ne a takardar baya, ka faɗa mini in gyara.

Shafa'atu.

*

Ikko,
28 ga Agusta, 1965.

Shafa'atu 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida Innarki. Muna lafiya, sai ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Ba ki ɓata mini rai ba. Ni hannuna ya saba da waya da filaya, alƙalami gajiyar da ni yake. Na yi shiru ne don sai da na zaga gari kafin in sami kwanon da ya dace da tsohuwar motar nan.

Tambayarki daidai ce, kuma kin yi aikin hankali da kika ce ke ma ba ki gani ba. Ƙwan fitila shi kaɗai haskensa watsewa yake ta ko'ina. Kwanon ne ke tattara shi ya jefa kan hanya. Abin da ke ƙyalli a cikinsa shafe ne siriri, ya fi fatar albasa rauni. Toka ta cinye shi. Ki gaya wa Innarki cikin lallashi; niyyarta mai kyau ce. Daga yau ko tsumma kada ya shiga ciki.

Na ba wani gadin jirgin ƙasa ɗan garinmu akwati, zai ajiye a tashar Funtuwa da sunan mahaifinki. A ciki akwai kwano biyu, ƙwai sabbi masu ƙarfi, da fitilu biyu masu gilashi rawaya. Waɗannan na hazo ne. Na sa waya da fis da makunninsu, na zana yadda za a haɗa.

Shafi na biyu na Maiwada ne. Na san bai iya boko ba. Ki karanta masa.

Kai Maiwada, bawana, guntun mutum mai kan ƙwarya! Kai da ka faɗa rijiyar gidan Manu da rana tsaka kana kallon masu tallar nono, yau kai ne za ka ɗora wa duhu laifi? Wai dundumi! Ba makanta ke damunka ba, wautar nan ce taka ta tun muna kiwon awaki. Da na san haka za ka lalace da na sayar da kai tun kana da ɗan farashi.

To buɗe manyan kunnuwan nan ka ji. Na san halinka, in ka sami abu mai kyau a ka kake ɗorawa kamar hula. Kada ka kuskura ka ɗaure fitilun rawaya a sama. Ƙarƙashin bamba, ƙarfen gaban mota, za a sa su, ƙasa da gwiwa, bakinsu ya ɗan sunkuya. Hazo ruwa ne rataye. In ka haska shi daga sama, cikin idonka zai mayar maka da hasken. Amma kusa da ƙasa sirara yake, ta nan haske ke bi. In ka shiga fadama ka kashe ful, manyan fitilun nan, ka bar rawaya. In ka mayar da makullin nan, ni da kaina zan hau jirgi in zo in ja ka da sanda kasuwa-kasuwa.

Ubangidanka,
Mati.

*

Ƙarfi,
8 ga Satumba, 1965.

Zuwa ga Baba Mati,

Gaisuwa mai yawa, da godiyar da ban san yadda zan rubuta ta ba. Jikinmu lafiya. Amma labarin da zan ba ka rabinsa ne kawai mai daɗi.

Akwatin ya iso. Na durƙusa na gaya wa Baba ni na rubuta maka. Ya dube ni ya ce, "Mati? Mati na Goggo?" Ya buɗe akwatin da hannunsa. Ban taɓa ganin abu kamar kwanon nan ba. Na leƙa, sai ga fuskata a kife, da rufin ɗaki, da ƙofa, da kazar da ke tsakar gida, duk sun taru a wuri ɗaya suna ƙyalli. Inna da ta ji maganar toka ta shiga ɗaki ta yi kuka. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ai ni nake kwancewa in ba ki." Shi ke nan abin da ya ce.

Wani makanike a tashar Malumfashi ya sa kwanon da ƙwan. Da magariba aka kunna. Baba Mati, hasken ya ratsa fili ya kama bishiyar kuka da ke bayan makabarta, har 'ya'yanta muna ƙirgawa. Wani tsoho ya yi salati. Baba ya ce wannan ba hujja ba ce, a fili ne. Fadama ce za ta raba.

Fitilun rawaya kuwa, makaniken ya ce bai taɓa ɗaura irinsu ba, ya tambayi Baba inda yake so. Baba ya ce kyautar ɗan'uwa da ta fito daga bakin teku ba a kai ta ƙasa inda taɓo da kashin shanu. Ya sa aka ɗaure su can saman kan mota, dama da hagun allon da aka rubuta suna. Sun yi kyau ƙwarai. Rabin gari ya zo kallo.

Shekaranjiya muka gangara fadama, hazo ya kwanta. Baba ya kunna duka, manya da rawaya. Sai duniya ta ɓace. Bango ne kawai a gabanmu, fari da rawaya, yana huci a fuskarmu kamar an tura mu cikin buhun auduga. Ko hancin motar ban gani ba. Baba ya taka birki, ya kashe inji, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Nan muka zauna har rana ta fito. Masu kayan gwari suka makara. Marka ba ta yi masa tsiya ba ko kalma ɗaya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Da muka dawo ya ce wa Inna, "Ga fitilar Ikko, ga komai, ban gani ba. Magana ta ƙare."

Akwai abin da ya kamata in faɗa maka. Shafi na farko kawai na karanta masa. Da na juya na ga layi uku na farko, sai na ninke takardar na ce ta ƙare. Ni ma ban ƙarasa ba. Na san ku taubasai ne, na san wasa ne tsakaninku. Amma kai kana Ikko, bakina ne zai faɗi kalmomin nan a gaban mahaifina. Ban taɓa kiran sunansa ba ma, balle waɗannan. In na kai wa wani ya karanta, gobe duk tasha ta ji. Na sa takardar a ƙarƙashin akwatina. Ka yafe mini.

Ranar goma sha takwas zan koma makaranta.

'Yarka,
Shafa'atu.

*

WAYAR TANGARAHO DAGA IKKO, 15 SATUMBA 1965
SHAFAATU MAIWADA KARFI TA MALUMFASHI

MAGANIN YANA SHAFI NA BIYU KARANTA MASA DUKA YAU ZAGIN NAWA NE BA NAKI BA
MATI

*

Makaranta,
21 ga Satumba, 1965.

Zuwa ga Baba Mati,

Gaisuwa da ladabi, da fatan kana lafiya da iyali. Na iso makaranta lafiya. Na baro su Inna lafiya, an fara yankan gero.

Ban taɓa samun waya ba a rayuwata. Da ma'aikacin gidan waya ya tsayar da kekensa a ƙofarmu, Inna ta zaci mutuwa aka yi. Na karanta, na shiga ɗaki na ciro takardar, na ƙarasa shafin ni kaɗai. Da na kai inda ka ce kada a sa a sama, sai na gane ɓarnar da na yi. Ashe kwana goma maganin yana ƙarƙashin akwatina, Baba yana zaune yana jin ya makance.

Yana kan tabarma a zaure. Na durƙusa na ce akwai sauran takarda da na ɓoye. Na roƙe shi izinin in juya wa bango fuska. Ya ce, "Ikon Allah. To juya." Na fara. Na faɗi sunansa, na faɗi abin da ya biyo baya. Na kai wajen rijiya. Sai na ji wani sauti a bayana, na zaci kuka ne. Dariya ce, Baba Mati. Rabon da in ji ta tun ranar tukwanen Marka. Ya ce, "Ƙarya yake! Shi ya ture ni! Ci gaba, ci gaba." Inna ta leƙo da muciya a hannu. Da na kai wajen hula ya daina dariya, ya ce in maimaita. Na maimaita har sau uku. Ya tashi ya ɗauki sifana da kansa.

Bai so ba, na gani. Da ya kwanta a ƙasa yana ɗaure ta farko, sai da ya goge gilashin da bakin rigarsa ya ce mata, "Ki yi haƙuri, mai ke ne ya ce." Kuma bai fasa maganarsa ba. Ya ce ranar tafiyata zai gwada, in bai gani ba daga tasha gidan Alhaji zai wuce.

Ranar Asabar muka tashi da akwatina a baya, da 'yan kasuwa, Marka a gaba kusa da ni don ta ce ƙafarta na ciwo. Hazon ya fi na kullum. Daga kan tudu fadamar kamar an zuba mata nono. Baba ya yi bisimilla, ya kashe ful, ya murɗa makunninka.

Ina so in rubuta maka daidai, amma ban san ko zan iya ba. Hazon bai tafi ba. Yana nan a samanmu kamar rufin ɗaki. Amma a ƙarƙashinsa hanya ta buɗe, rawaya, faffaɗa, tana gudu a gabanmu. Kowace ciyawa da ɗigon raɓarta. Kowane rami da inuwarsa. Gefen hanya ya fito sak kamar an ja shi da rula. Can sai ga ƙafafu suna tafiya: ƙafafun jaki huɗu, da na mata uku, da mundayen ƙafarsu suna walƙiya, babu jiki babu kai, duk suna cikin farin. A makaranta an zana mana haske a allo da alli, layi miƙaƙƙe da kibiya a bakinsa, na haddace na ci jarrabawa. Ban san abu ne da mutum zai iya sunkuyar da shi ya bi ta ƙarƙashin gajimare ba.

Baba bai fitar da kai ta taga ba. Sai na ji yana magana a hankali, kamar mai ƙirga tumaki. "Ga dutse. Ga kwalbati. Ga inda muka faɗa." Sai ya ce, "Shafa, kin ga kwaɗon can?" Na ce ban gani ba. Ya ce, "Ga shi can, gefen hagu." Sai da muka ƙara matsawa na gan shi, ɗan ƙarami, yana tsalle. Ya riga ni gani, Baba Mati. Ya riga ni.

Da muka hau tudu Marka ta gyara zama ta ce, "To, jakina ya huta. Amma tukwanena dai ba su ga wannan hasken ba." Baba ya ce, "Tukwanenki da ma rabin gashi kike musu." Ta ce, "Ji makahon jiya!" Har Funtuwa suna yi.

A tasha ya sauke mini akwati. Ya kashe mota, ya zare makullin, ya tsaya yana juya shi a tafin hannu. Ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Sai ya jefa shi aljihun gaba ya ce in yi sauri, yana da lodin masara zuwa Dandume kafin azahar.

Ya ba ni saƙo gare ka, ya ce in rubuta kamar yadda ya faɗa kada in rage. Zan yi ƙoƙari. Ya ce: "Gaya wa bawan nan nawa mai ƙafar sauro, aikinsa ya yi, na 'yanta shi na shekara guda. In ya zo gida zan ɗauko shi daga tasha kyauta, a bayan mota, tare da awaki." Akwai sauran kalma ɗaya, amma wannan sai dai ya faɗa maka da bakinsa.

Inna ta ce a gode maka. Tsofaffin kwanonin tana zuba wa kaji ruwa a ciki, kuma har yanzu tana dirje su ranar Juma'a.

Baba Mati, yanzu babu abin da ya lalace, ba ni da hujjar damunka. Amma tun ranar ina da tambayoyi sun kai bakwai, na rubuta su a bayan littafin lissafi. Me ya sa fuskata ta kife a cikin kwano? Fitilar jirgin ruwa ita ma a ƙasa ake sa ta? Mace tana iya koyon aikin nan? Ba sai ka amsa da tsawo ba, layi uku ma ya isa, yanzu na san hannunka. In ba zai zama rashin kunya ba, ka ba ni izini in sake rubuto maka?

Ni ce 'yarka,
Shafa'atu.